Mai Kiɗan Sahur Ba Ya Raba Tuwo: Lacca Kan Man Ƙamshi Da Kuzarin Ma'aikaci Da Safe

Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawan Na'ibawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke can gefe, 'yan uwana ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai, da direbobin tasha da na hango sun cika layin baya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da aka aiko mini da taken laccar nan, wai in yi magana a kan amfani da tataccen man ƙamshi da safe don a sami kuzari da natsuwar aiki, sai da na yi dariya ni kaɗai. Na ce mutanen da ke fita tun duku-duku, wani ko koko bai kurɓa ba, su za a tara a yi wa zancen turare? Da na kwana da abin sai na ga ni ne ban duba da kyau ba. Kowa ya laluba aljihunsa yanzu. Na tabbata a wannan rumfa akwai gwangwanin Robb fiye da goma, akwai mantileta, akwai Tom Tom, akwai ƙwayar kanumfari a ƙulle a leda, kuma da wuya a rasa 'yar kwalbar turare ta shafawa. To duk abin da Turawa ke cika intanet da shi a kan wannan batu, ga shi nan a aljihunku. Sunan ne kawai baƙo. Saboda haka ba sabon abu na zo koya muku ba. Na zo ne mu auna tsohon abin da muke yi, mu ga iya inda ƙarfinsa ya kai.

Mu fara da sanin mene ne shi wannan mai. Daga nan zuwa kasuwar 'Yan Lemo ba nisa. Gobe in ka bi ta wajen, ka ɗauki ɓawon lemon zaƙi sabon ɓara, ka ɗaga shi ga hasken rana. Za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar an tsattsaga shi da allura. Ka lanƙwasa shi tsakanin yatsa biyu, za ka ga wani feshi siriri ya tashi, in ya sami idonka ka ji zafi, yatsunka su yi santsi na ɗan lokaci sannan su bushe. Muna yara mukan matsa shi a kan harshen fitilar aci-balbal, wuta ta yi tartsatsi muna ihu. Wannan feshin shi ne man da muke magana a kai. Kusan kashi 90 cikin 100 na man ɓawon lemon zaƙi sinadari ɗaya ne, ana kiransa limonen, kuma kun ji da kunnenku cewa yana kama wuta. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Bambancinsa da man gyaɗa ko man riɗi ko man zaitun shi ne tashi yake yi ya bi iska. Ɗiga man gyaɗa a farar takarda, tabon yana nan har gobe. Ɗiga man na'a-na'a na gaskiya, ka dawo bayan wasu awanni, da ƙyar za ka gane wurin. Ko man habbatus sauda da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, matse shi ake yi daga ƙwaya kamar yadda ake matse gyaɗa, don haka ajinsa daban ne, ko da yake yana ɗauke da ɗan ƙamshinsa. Ɓawon lemo matsewa ake yi. Sauran kuwa, irin su na'a-na'a da kanumfari da ganyen bishiyar turare, turara su ake yi: a zuba a tukunya, tururi ya ratsa ganyen ya kwaso man, a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. Kafin a sami kilo ɗaya na man furen wardi, irin wanda alhazai ke jin labarinsa a Ɗa'ifa, sai an turara furen da ya haura tan 3. Shi ya sa ɗigo ɗaya yake da ƙarfin da yake da shi, shi ya sa kuma na gaskiyar yake da tsada.

Wannan sana'a ta turarawa ba a Turai ta fara girma ba. A ƙarni na 9, a Bagadaza, masanin nan Al-Kindi ya rubuta littafi sukutum a kan haɗa turare da tace shi, da hanyoyin haɗi sama da 100. Sai a 1937 wani Bafaranshe mai ilmin sinadarai, René-Maurice Gattefossé, ya fitar da littafin da ya yaɗa sunan da ake kiran magani da ƙamshi da shi a yau. Mu kuma nan Kano, kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take karɓar kayan fatake daga arewa da gabas, kuma har gobe in ka shiga layin masu kayan ƙamshi hancinka ne zai gaya maka ka iso. Iyayenmu mata sun san kajiji da jema da farce da sandal, sun san yadda ake jiƙa humra ta kwana da kwanaki. Turaren Bintu Sudan da kakanninmu ke ɓoyewa a ƙasan adaka, kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fara haɗa shi a 1920, da mai aka yi shi babu barasa a ciki, abin da ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu biyu, kuma shekaru da dama ke nan a masana'antun garin nan ake ɗura shi a kwalba. Ga kuma abin da ya fi duk wannan a wurinmu: ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son turare, kuma ba ya mayar da kyautarsa. Don haka in wani ya zo yana yi mana burga da 'yar kwalba daga Amurka, mu karɓe shi da fara'a, amma ya sani gida ya tarar da abin.

Tambayar da ta tara mu ita ce, da gaske ƙamshi yana farkar da mutum? Amsar ita ce e, yana yi, kuma an san hanyar da yake bi. Hanyoyin ma biyu ne.

Ta farko ita ce ta jin ƙamshi kanta. A can saman kogon hanci akwai wasu ƙwayoyin jijiya masu kama sinadaran da iska ta kawo. A 1991 wasu masana biyu a Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano yadda waɗannan masu kamun suke, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da nau'insu kusan 400. Saƙon da suke aikawa gajeriyar hanya yake bi zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin zuciya. Shi ya sa mutum zai wuce ƙofar wani gida ya ji turaren wuta irin na mahaifiyarsa da ta rasu shekara ashirin, ƙirjinsa ya buga kafin ma ya gane dalili.

Hanya ta biyu ita ce ta fi shafarmu, ita ce ta Robb da Tom Tom. Sinadarin mentol da ke cikin na'a-na'a yana taɓa jijiyar da aikinta jin sanyi ne. A 2002 aka gano ainihin wurin da yake taɓawa, kuma malaman da suka jagoranci binciken, David Julius da Ardem Patapoutian, sun sami Nobel a 2021 saboda aikinsu a kan yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa. A taƙaice, mentol ruɗin jiki yake yi. Yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa iska mai sanyi ta shigo, alhali ba abin da ya sauya a ɗakin. Farfesa Ronald Eccles na jami'ar Kadif a Birtaniya, wanda ya shafe shekaru yana nazarin mura, ya auna iskar da ke wucewa ta hancin mutane kafin su shaƙi mentol da bayan sun shaƙa. Mutanen suka ce hancinsu ya buɗe. Ma'auni ya ce iskar ba ta ƙaru ba. To wannan zaburar da kake ji in ka shaƙi Robb, ƙanwar zaburar da kake ji ce in ruwan alwalar asuba ya taɓa fuskarka da hunturu.

An kuma gwada ko abin yana taɓa aikin ƙwaƙwalwa. Wani malami a jami'ar Northumbria a Ingila, Mark Moss, shi da abokan aikinsa, sun yi gwaji da mutum 144 suka buga sakamakon a 2008. Waɗanda aka zaunar a ɗaki mai ƙamshin na'a-na'a sun ɗan fi sauran tuna abin da aka nuna musu, sun kuma ce sun fi jin a farke suke. Kafin nan, a 2003, sun yi irinsa da wani ganye da ake kira rozmeri, wanda ya haɗa wani sinadari da ganyen bishiyar turarenmu. Na kawo muku wannan don ku san maganar tana da tushe. Amma ku lura da abin da aka gwada: lafiyayyun mutane ne a zaune gaban kwamfuta na ɗan lokaci, kuma bambancin da aka samu ƙarami ne. Sannan ƙamshi ba a ɓoye shi kamar ƙwayar magani, wanda ake gwaji a kansa ya san ya shaƙa, kuma abin da zuciya ta sa rai da shi yakan taimaka. Ba wanda ya gwada shi a kan mutumin da ya kwana tsaye gaban injin narka roba, ya koma gida ba wuta, zafi da sauro suka hana shi runtsawa, ya sake fitowa.

Nan ne nake son mu daɗe. Da azumi akwai masu zagaya unguwa da ganga ko gwangwani suna tashin mutane sahur. Aikinsu yana da amfani, Allah ya saka musu. Amma ban taɓa jin wanda mai kiɗan sahur ya tashe shi ya kuma miƙo masa kwanon tuwo ba. In ka tashi ka tarar tukunya wayam, kiɗan bai hana ka wuni da yunwa ba. Ƙamshi haka yake. Yana buga maka ƙofa, amma ƙarfin da za ka yi aiki da shi daga barci da abinci yake fitowa, kuma kwalbar nan ba ko ɗaya daga cikinsu a ciki.

Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kamar yadda bashi ke taruwa a littafin mai kanti. Yawansa shi ne nauyin idon da kake ji. Barci ne kaɗai ke share shi. Goro da shayi da kofi suna toshe wurin da yake zama na 'yan awanni, wato sun ɓoye littafin bashin, ba su biya ba. Ƙamshi ko wannan bai kai ba. Masana sun yi ittifaƙi babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kwana. A 1997 wasu masu bincike a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka gwada mutanen da aka hana barci, suka tarar wanda ya yi awa 17 a farke, hannunsa da idonsa sun yi rauni kamar na wanda ya ɗan kurɓi giya, wanda ya kai awa 24 kuwa ya yi daidai da wanda a ƙasashe da yawa doka ta hana shi riƙe sitiyari. Mu da muke ƙyamar giya, da yawanmu a buge muke zuwa aiki ba mu sani ba.

Na ga wannan da idona, shi ya sa nake ɗaga murya. Shekarun baya na yi aiki a wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Akwai wani yaro a sashenmu, natsattse, mai neman na kansa, yana tara kuɗin aure. Abokin canjinsa bai zo ba, aka ce ya zarce, ya haɗa dare da safiya. Da misalin ƙarfe goma na hango shi ya buɗe ɗan gwangwaninsa, ya lakato da ɗan yatsa ya goga a ƙarƙashin idanunsa biyu. Hawaye na zuba yana dariya, yana ce mini, "Yallaɓai, yanzu na dawo daidai." Ba a yi awa ɗaya ba muka ji ƙara. Bai faɗi ba, bai ma san ya yi gyangyaɗi ba, daƙiƙa biyu ko uku ne ido a buɗe ƙwaƙwalwa a rufe. Yatsu biyu injin ya tafi da su. Ba man shafawar ne ya yanke shi ba, amma shi ya ba shi ƙarfin halin ci gaba da tsayuwa a inda ya kamata a ce ya sauka. Har yau in na ji warin mantileta da hantsi, fuskar yaron nan nake gani. Barci ɓarawo ne, in ji Hausawa, kuma ɓarawo ba ya sallama.

Duk da haka, kada a fahimce ni a karkace. In aka ajiye mini ɗan gwangwanin nan a gefe ɗaya, a ɗaya gefen aka ajiye abin da wasu samarinmu ke sha don su iya aikin ƙarfi, gadagin da ba a san me aka zuba a ciki ba, ko taramol da ake haɗiya kamar gyaɗa, wallahi gwangwanin zan zaɓar musu sau dubu. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Nijeriya a kan shekarar 2017 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga waɗanda suka faɗa ramin nan ba da neman maye suka fara ba, da neman ƙarfin aiki suka fara. Ƙamshin na'a-na'a ba ya kama mutum irin wannan kamu, ba ya jefa shi farfaɗiya. Ƙaramin abu ne mai ƙaramin amfani, in aka ajiye shi a matsayinsa.

To yaya ma'aikaci zai shigar da shi cikin safiyarsa? Musulmi ya riga ya sami rabin tsarin a kyauta. Ka tashi da asuba, ruwa ya taɓa fuska da hannu da ƙafa, ka taka zuwa masallaci ka dawo, gari na wayewa haske na shiga idonka, kuma hasken safiya yana cikin manyan abubuwan da ke saita agogon jiki. Ka sha ruwa. Ka sa wani abu a ciki, ko koko da ƙosai ne, ko ɗumamen tuwo. Bayan duk wannan ne ƙamshi ke da gurbi. Kuma ba sai ka sayi kwalba ba. Ɗanyen ganyen na'a-na'a na naira kaɗan, ka murza a tafin hannu ka shaƙa, ragowar ka jefa a shayi tare da citta da kanumfari biyu. Ɓawon lemon da ake takawa a 'Yan Lemo, ka lanƙwasa shi a ɗan nesa da ido. Ganyen bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostireliya aka kawo ta aka dasa a makarantu da gandun daji, ka zuba 'yan kaɗan a ruwan zafi ka bar tururin ya bugi fuskarka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda kuma ya sayi tataccen, ɗigo ɗaya a kan hankici ya isa. Ka shaƙa sau uku ko huɗu a hanya, a cikin A Daidaita Sahu ko motar kamfani, ka mayar aljihu. Kada ka wuni da shi a hanci, domin hanci yana sabawa cikin 'yan mintuna ya daina kai rahoto, kamar yadda wanda ke zaune kusa da kwata ya daina jin ta. In a jiki za ka shafa, kada ka kuskura ka shafa shi tsura. Ɗigo ɗaya ko biyu a cikin ƙaramin cokalin shayi na man zaitun ko man kwakwa, wannan shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma ka fara gwadawa a ɗan wuri a damtse ka ga ko fata za ta yi ja. Wata dabara da ni kaina nake yi, ba kuma na ce an tabbatar da ita a ɗakin bincike ba: na ware ƙamshi ɗaya na fara aiki, ba na taɓa shi sai zan zauna a kan aiki. Da tafiya ta yi tafiya, ina shaƙarsa jikina ya san lokaci ya yi. Turaren Juma'a daban, na gida daban.

Yanzu iyayenmu mata, da ku nake. Mutane na ɗauka duk abin da ya fito daga ganye ba ya cutarwa. Zaƙami ma ganye ne. Man bishiyar turare in ƙaramin yaro ya haɗiyi ko da ƙasa da cokalin shayi ne, yana iya sa shi jijjiga ko suma. Kafur haka. Akwai wani mai da ake sawa a mayukan ciwon jiki, metil salisilet, shi ne mai ƙamshin nan da kuke ji a man zafi. Cokalin shayi ɗaya na tsurarsa daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya fiye da 20. Kwalaben nan ƙanana ne masu kyau, ga ƙamshi kamar alewa, yaro ba ya bambancewa. In tsautsayi ya faru kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, a ɗauki yaro da kwalbar a nufi asibiti.

Jarirai kuwa a raba su da shi gaba ɗaya. Kada a shafa wa jariri mai mai mentol a hanci ko a ƙirji ko a cibiya, yana iya taɓa numfashinsa. Sannan akwai wani rauni na jini da ake gado, likitoci na kiransa ƙarancin G6PD, yana da yawa a tsakaninmu, musamman 'ya'ya maza, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da shi ba. A 1980 likitoci biyu a Legas, ɗayansu Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, suka buga binciken da ya danganta amfani da kayan mentol a jikin irin waɗannan jarirai da tsananin shawara. Ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin kayan jariri ma suna cikin abin da likitocin yara ke hanawa saboda wannan dalili. Mai juna biyu da mai asma su tambayi likita kafin su fara. Man ɓawon lemon tsami in aka shafa aka fita rana yana ƙona fata ya bar baƙin tabo, kuma ranar Kano kun san ta. Turaren wuta ma, da hunturu in an rufe ƙofa da taga an bar garwashi a kasko, hayaƙi ne ake shaƙa, kuma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ke kisa ba wari ba launi. A turara ɗaki, a fitar da kasko, a buɗe taga.

Sai kuma abin da ya keɓanta da ku ma'aikata, wanda masu rubuce-rubucen intanet ba za su gaya muku ba domin su a ofis suke. Hancin ma'aikaci maigadi ne. Gas ɗin girki asalinsa kusan ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don in yana yoyo a ji. Wayar wuta in ta fara ƙonewa, bel in ya fara cin kansa, hanci ke fara sani kafin ido. 'Yan uwanmu na kamfanonin fata a Challawa da Sharada sun san warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga ramukan ruwan jima. Iska ce mai suna haidurojin salfaid, tana fitowa daga sinadarin da ake cire gashin fata da shi. Muguntarta ita ce in ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ne take kayar da shi. Na san dalilin da ya sa wasu ke ɗiga turare ko su shafa Robb a cikin takunkuminsu, warin ba ya jurewa. Amma wanda ya yi haka ya ba maigadinsa maganin barci. Turare ba ya tace guba, rufe ta yake yi. Abin da za ku nema wurin masu kamfani shi ne takunkumin da ya dace da aikin, da fankokin fitar da iska, da ka'idar cewa ba mai shiga rami shi kaɗai. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai kamfani samar da isasshiyar iska da kare injuna masu haɗari, ba alfarma yake yi muku ba. Kuma ku tuna tartsatsin fitilar nan: mai ƙamshi da turaren fesawa suna kama wuta, ba a ajiye su kusa da tukunyar tururi ko wurin walda. Masu aiki a kamfanonin abinci da lemon kwalba kuwa, in an hana ku shiga da turare, gaskiya aka yi, ƙamshi yana kama kaya.

Kasuwar abin kuma sai a hankali. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan tataccen mai, turaren haɗi ne na sinadarai aka tsinka da wani mai. Haɗin ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya, turarukanmu da yawa haka suke. Laifin shi ne a sayar maka da shi da kuɗin na asali. In ka ga man wardi da man lemo kuɗinsu ɗaya, ka san da magana. Araha ba ta ado. Ka duba kwalba mai duhu, da sunan tsiron, da lambar NAFDAC. Wanda kuwa ya ce maka kwalbarsa tana warkar da ciwon suga da hawan jini da sikila, ko ya ce ka kawo mutum biyar su ma su kawo biyar-biyar ka zama miloniya, ka yi masa fatan alheri ka riƙe aljihunka.

Wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, bari in faɗe shi tunda na hango masu hali a gaba. Nijeriya tana cikin manyan masu noman citta a duniya, daga Kachia da Kagarko da Jaba a kudancin Kaduna, ko da yake cutar da ta faɗa wa gonakin a 2023 ta yi mummunar ɓarna. Busasshiya muke loda ta a buhu, a tace ta a waje, a dawo mana da ita a 'yar kwalba. Bishiyar hano da ke dazukanmu 'yar uwar bishiyar lubban ce da Somaliya da Oman ke cin kasuwar duniya da ita. Ga ɓawon lemo nan tsibi-tsibi a bayanmu awaki na ci. Ga rumfunan kamfanoni da suka mutu a Bompai da Sharada, ƙofa a garƙame, ciyawa ta cinye harabar. Tukunyar turarawa ba jirgin sama ba ce, maƙeran garin nan da ke ƙera injin niƙa za su iya ƙera ta in an nuna musu. Alhazai, a duba.

Roƙona ga manajoji da masu raba aiki: in mutum ya gama kwanan aiki, ku sallame shi ya tafi gida, ko da abokin canjinsa bai zo ba. Ku kuma 'yan uwana direbobi na layin baya, na san Tom Tom da goro ba sa rabuwa da gaban motarku, ban ce ku zubar ba. Amma in kun ɗauki hanyar Zariya, kuka wuce Kura, kuka ji kun fara lakato Robb kuna kaiwa ido, to ku sauka gefen titi a Kwanar Dangora ku kwantar da kujera na minti 20. Fasinja za su yi mita, ku bar su su yi. Iyayenmu mata kuma, yau in an koma gida, a kwashe kwalaben nan daga kan madubi a ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa.